Motar da Ba Ta Jin Turi

Mahdi ya sayar da tsohuwar motarsa ta haya, ya sayi tokumbo mai lantarki, wato kwancen ƙasar waje. Dillalin, baƙin maƙaryaci, ya rantse batirin garau yake, alhali zafin Legas ya riga ya cinye shi. Sanyin Jos ya ƙarasa saura.

Da sassafe a hanyar Bukuru, cajin da ya kwana cike ya zurare, motar ta tsaya cak. Fasinjoji suka fito suna karkarwa, suka kama turi kamar yadda aka saba.

"Direba, saki kuloci mana!"

Ina kulocin? Motar lantarki ba ta da shi, kuma turi ba ya tayar da ita.

Sai ga tsohuwar motarsa tana tari da hayaƙi, sabon direbanta yana kiran "Bukuru!" Fasinjojin suka saki turi, suka bi ta a guje.