Hoton Mala a Allon Majigi

Kakannin Mala daga Barno suka zo, amma shi a garin Balan aka yanke masa cibiya, kuma a nan aka binne mahaifinsa. Yana da matarsa Bilki da 'ya'ya huɗu. Babbarsu ita ce Khairiyya, mai shekara goma sha biyu, 'yar aji shida a firamare. Da damina gero da wake yake nomawa, da rani kuma albasa a wata 'yar fadama da ya gada. Ba su da babbar waya a gidan, ba su san wani babba a gari ba, Mala kuma bai yi boko ba. Duk wannan bai taɓa damunsu ba sai a ranin bana, lokacin da suka nemi wanda zai tsaya a gaban jama'a ya ce ƙarya aka yi wa Mala, suka rasa.

Wata ranar kasuwa ce Mala ya ɗauro jarka uku na fetur a bayan babur, ɗaya ta injin ban-ruwansa, biyu na maƙwabtansa na fadama. Wani da har yau ba a san ko wane ne ba ya ɗauki hotonsa, ya sa a Facebook, ya rubuta a ƙasa cewa ga ɗan Barnon da yake kai wa 'yan ta'adda mai a daji. Kafin mako ya zagayo hoton ya shiga wayoyin Balan da Kademi, ya tsallaka har Toranke. Waɗanda suka tashi tare da Mala ba su yarda ba, amma gaisuwarsu ta gajarce. Dillalan albasa suka koma wucewa ta bakin gonarsa ba sa tsayawa. A makaranta kuma 'yan matan da suke zama benci ɗaya da Khairiyya suka matsa, wani yaro har ya tambaye ta a wane daji babanta yake kwana.

Ana cikin haka Gwadabe ya yi sallama a ƙofar gida. Gwadabe ɗan maƙwabcinsu ne, matashi mai waya biyu, aikinsa yaɗa labaran 'yan siyasa.

"Baba Mala, Allah ya kawo mana mafita," in ji shi. "Ranar Laraba akwai taro a ɗakin taron ƙaramar hukuma, kan harkar sadarwar zamani da labaran ƙarya. An gayyato wani masani daga birni, Dakta Abdulhakeem. Na tura masa hotonka, na ba shi labari duka. Ya ce da shi zai yi misali. Duk wani mai rubutu a waya a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi zai zo. A gabansu za a wanke ka tas."

"Za su bar ni in yi magana?" Mala ya tambaya.

"Har abin magana za a ba ka!"

Mala ba mai yawan magana ba ne, ya kuma san bakinsa zai sarƙe a gaban manya. Saboda haka ya zaunar da Khairiyya, yana faɗa tana rubutawa a takardar da ta yago daga tsakiyar littafinta. Layi biyar ne: sunansa, sunan mahaifinsa, inda gonarsa take, da sunayen mutum biyun da ya sayo wa mai. Ta karanta masa sau uku, ya ce ya yi. Ita za ta karanta a taron.

Ranar Laraba Bilki ta goge wa Khairiyya farin hijabinta, Mala ya sa rigarsa ta Juma'a. An ce ƙarfe goma, suka isa tun tara da rabi, suka tarar ana share ɗakin. Sai bayan sha biyu aka fara. Ɗakin ya cika da samari, kowa kansa a sunkuye a kan waya, wasu suna faɗa a kan wurin sa caji guda ɗaya da ke jikin bango. Fanka biyu ne suke juyawa, warin zufa da turare ya haɗu ya tsaya a maƙogwaro. Mala da 'yarsa suka sami kujeru a can baya, kusa da taga.

Mai gabatarwa ya kwashe kusan awa guda yana kiran sunayen manyan baƙi, kowane suna da jelar muƙamai, kowane muƙami da tafi. Wasu daga cikin waɗanda ya kira ma ba su zo ba, aka tafa wa kujerunsu. Khairiyya ta riƙe takardarta har gefen takardar ya jiƙe da gumi.

Da Dakta Abdulhakeem ya tashi sai ta gyara zama. Dogo ne, da gilashi, rabin maganarsa Turanci. Ya yi bayani a kan yawan masu waya a duniya, ya nuna zane-zane masu launi a allon majigi, babu wanda ya ɗago kai.

"To, yanzu ga wani abu daga nan yankinku," in ji shi. Ya danna wani ɗan abu a hannunsa.

Fuskar baban Khairiyya ta cika bango. Ga hularsa, ga tsohon baburinsa, ga jarkokin nan uku, ga rubutun a ƙasa da manyan baƙaƙe, sun fi girman hannunta. Ɗakin ya farka gaba ɗaya. Wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni, kowa yana ɗaukar allon.

"Kai, wannan ai mutumin nan ne!" wani ya ce.

"Jarka uku kacal? Ashe 'yan dajin ma tsimi suke yi!"

Dariya ta ɓarke. Dakta ya yi murmushi, ya jira ta lafa. "Wa ya taɓa ganin wannan hoton?" Hannuwa suka tashi kusan duka. "Wa ya tura wa wani?" Aka sake dariya, hannuwa suka ƙaru, har da masu ɗaga biyu. "Madalla. To yanzu bari in gaya muku wani abu game da wannan bawan Allah..."

Jiniya ta kaɗa a waje. Mai gabatarwa ya zabura, ya karɓe abin magana daga hannun Dakta ba ko neman izini. Babban baƙo ne ya iso, wakilin wani babba, da 'yan rakiyarsa sun fi ashirin. Kowa ya miƙe. Aka shiga kirari da jan kujeru da neman wurin tsayawa kusa da shi. Duk wannan lokacin hoton Mala yana nan a bango, babu wanda ya tuna ya sauke shi. A ƙarƙashinsa babban baƙon ya tsaya ya yi jawabi a kan tsaro da haɗin kai, a ƙarƙashinsa aka ɗauke shi hotuna.

Khairiyya ta dubi babanta. Yana zaune, tafin hannuwansa a kan gwiwoyi, yana kallon fuskarsa a bango.

"Baba, bai ƙarasa ba," ta ce a hankali.

"Zai ƙarasa, 'yar nan. Manya ne suka shigo."

Bai ƙarasa ba. Da babban baƙon ya gama, mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, Dakta ya yi haƙuri, za a je jawabin godiya. Dakta ya ɗaga kafaɗa, ya fara naɗe wayoyin na'urarsa.

Nan ne Mala ya miƙe. "Ranka ya daɗe," ya ce, muryarsa ba ta kai tsakiyar ɗakin ba. "Ranka ya daɗe, ina da magana."

Wani saurayi da ke gabansu, mai jar hula da abin ji a kunne ɗaya, ya waiwayo. Ya dubi Mala, ya dubi bango, ya sake duban Mala. "Jama'a! Ga shi nan! Wallahi ga shi nan a cikin ɗakin!"

Wayoyin suka juyo gaba ɗaya. Aka kewaye su. Wani ya hau kujera don ya samu ya ɗauka daga sama. Wani ya manna kafaɗarsa da ta Mala, ya ɗaga waya, ya washe haƙora. Ana ta "Baba, ɗago kai," "Baba, ina jarkokin?" "Baba, ce wani abu mana!" Hasken wayoyi yana ta walƙiya a fuskar Mala.

Khairiyya ta buɗe takardarta, ta fara karantawa da ƙarfi yadda ake koya musu a aji. "Sunana Mala, ɗan Malam Salihu, an haife ni a garin Balan. Gonata tana..."

"Abinci ya iso!" wani ya yi ihu daga bakin ƙofa.

Jama'a suka ruga bakin ƙofa kamar an buɗe wa ruwa hanya. Kujeru suka kife. Manya masu manyan riguna suna ture samari, samari suna ture su. Wani ya cusa robar abinci uku a cikin riga, miya tana bin cikinsa. Wata roba ta fashe a ƙasa, aka bi ta kan shinkafar da takalma har ta zama kamar taɓo. Khairiyya ta tsaya da takarda a hannu, karatun bai wuce layi na biyu ba, babu kowa a gabanta.

Mai jar hular ne ya fara dawowa, da cinyar kaza a baki, yana rubutu da babban yatsa. Khairiyya ta matsa kusa, ta leƙa. Hoton babanta ne a cikin ɗakin, da na bango a bayansa, a ƙasa kuma yana rubuta: "Yanzu-yanzu: an nuna shi a taron hukuma, kuma ya zo da kansa."

"Yaya, babana ne," ta ce. "Ƙarya aka yi masa. Man injin ban-ruwa ne."

"Mun sani, ƙanwata." Bai ɗago ba. "Wa bai sani ba? Mu ma ai albasarsa muke ci a gida."

"To ka rubuta haka mana."

Ya cire ƙashin daga bakinsa, ya jefar a ƙarƙashin kujera, ya dube ta kamar ta faɗi abin dariya. "In rubuta wani dattijo ya sayi man injinsa? Wa zai karanta wannan? Ni dai ban ce ya yi ba. Duba da kyau, ban ce ba." Ya danna, ya tura, ya goge yatsunsa a jikin labulen taga.

A waje suka tarar da Dakta yana sa jaka a mota. Gwadabe ya ja hannun Mala zuwa wurinsa, yana ta sosa ƙeya.

"Af, kai ne? Sannu, Baba," in ji Dakta. "Ka ga yadda suka katse ni. Shafi na gaba fa shi ne na wanke ka, har da jan rubutu na sa. Amma kada ka damu, zan ambata a rahoto." Ya shiga mota, ya ɗaga gilashin taga.

"Baba Mala, wallahi ba haka na tsara ba," Gwadabe ya ce. "Amma ka ga ko ba komai yanzu an san da maganar." Ya miƙo masa wata takarda mai kauri, mai ado a gefe. Takardar shaidar halartar taro ce, an bar wurin suna babu komai. Mala ya karɓa da hannu biyu, don haka ya saba karɓar abin da aka miƙo masa, ya ba Khairiyya ta riƙe.

Suka hau babur, suka kama hanyar gida. La'asar ta yi musu a wani ƙauye, Mala ya tsaya ya yi salla a bakin masallaci, daga waje, bai shiga sahu ba.

Suna isa gida suka sami Bilki a tsaye a zaure, ƙaramar wayar gidan a hannunta. Ko sannu da zuwa ba ta yi ba.

"Malam, me ya faru? Yaya Sabuwa ta kira daga Toranke tana kuka. Wai 'ya'yanta sun gani a waya, hukuma ta tabbatar, har an kai ka gaban manya."

Mala ya jingina babur da bango, ya cire hula, ya zauna a kan dakali. "Ba ni ruwa, Bilki," ya ce.

Khairiyya ta tsaya a bakin zaure. A da tana zaton mutane suna tura hoton ne don ba su san gaskiya ba, in aka gaya musu za su daina. A ranar ta gane cewa sun san ƙarya ce, kuma sanin bai hana su turawa ba.