Kaza a Ɗakin Baba Zacharia

Tun ranar da aka manna abin a bangon ɗakin Baba Zacharia, matarsa Margret ba ta yarda da shi ba. Wani ɗan farin abu ne kamar murfin kofi, da ido ɗaya a tsakiya. Ɗansu Levi, mai aikin haƙar mai a tekun Fatakwal, shi ya aiko da shi tare da sola da esi mai sanyaya ɗaki, don zafin Mubi ya fi ƙarfin tsohon tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Wai abin ya san lokacin kunna esi da na kashewa, kuma duk motsin da ya gani sai ya kai rahoto wayar Levi. Ɗan tsegumi ke nan, in ji Margret.

Ba a je ko'ina ba zarginta ya tabbata. Ta fita girki, esi ya mutu. Ta dawo ta tarar da Baba sharkaf da gumi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kira Levi.

"Mama, ba lalacewa ya yi ba," in ji shi. "In bai ga motsi ba, sai ya ɗauka babu kowa, ya kashe don batir ya huta. Zan gyara daga nan."

"Babu kowa? Babanka ba mutum ba? Kai dai ka zo. Jikin nan bai min ba."

Ya ce ya nemi hutu, ƙarshen wata zai taso.

Gyara dai shiru, halin yaran yanzu. Margret kuwa ba ta jiran kowa. Motsi yake so? Ta kamo kaza, ta ɗaure ta da tsumma a ƙafar gado, saitin idon, ta watsa mata dawa. Kaza ta wuni tana kai da kawowa, esi ya wuni yana busa sanyi. Ba ta faɗa wa Levi ba, don kunya take ji a ce akwai kaza a ɗakin ubansa.

Baba kuwa kullum baya yake yi. Har kunu ya daina wucewa.

Dab da ƙarshen wata Levi ya kira, muryarsa fal murna.

"Mama, ashe ɓoye min kika yi! Kullum ina dubawa, Baba yana yawo a ɗaki safe har yamma. Yabo ga Ubangiji! Na bar wa abokin aikina hutun. Sai Kirsimeti zan zo mu yi godiya a coci."

Tsoro ya kama Margret. Ta dubi gado, inda numfashin Baba ke fita da ƙyar.

"Levi, tsaya ka ji..."

"Jirgin da zai kai mu teku na jiranmu, Mama, kuma waya ba ta shiga a can sai mun fito. Ki gaishe shi. Ki ce ya ci gaba da tattakin nan."