Bugu Tara a Bayan Bango

Daudu mai gyaran fitila yana naɗe tabarmar sallar isha'i ke nan ya ji ƙarar. Ƙwas, sau ɗaya. Shiru. Sai sau biyu. Shiru kuma. Sai sau uku.

Ya tsaya da tabarma a hammata. Shekara talatin yana zaune a kasuwar Roni cikin gwangwanaye da dalma, ya san muryar kowane ƙarfe kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. Wannan kuwa bai taɓa jin irinta ba. Ƙarfe ne mara nauyi, muryarsa a shaƙe, kamar ta mutumin da ya daɗe bai yi magana ba.

"Dela, kin ji?"

Matarsa tana kwashe kwanukan tuwo, ba ta ko ɗago ba. "Na ji. Akuya ce take lasar kwano."

"Akuyar da ta iya lissafi? Saurara mana. Shida ke nan. Ga bakwai."

Aka buga takwas, daki-daki, sannan aka tsaya. Daudu ya jira ta tara har wuyansa ya ƙage, ba ta zo ba. Sai kwaɗi kawai suke ta hidimarsu a kududdufi. Ya sa tafin hannu a bango. Bangon nan shi kaɗai ya raba ɗakinsa da na maƙwabcinsa Zarami, wanda duk gari ake kira Soja.

Zarami Babarbare ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, da ya yi a ƙasar Bama ta Asiya, ya sauka a Roni da akwati ɗaya da matarsa Amna, ya yi gadin rumbun gyaɗa, ya yi noma, ya binne matar, bara kuma idonsa ya rufe. Daudu jinin Fulani ne, abokan wasan Barebari, don haka shekara ashirin da wani abu ba su taɓa gaisawa ba sai da tsiya. A shekarar nan ta ƙarin albashin Udoji, da gari ya cika da rediyo da sababbin babura, ruwa ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa har gero ya fi mutum tsawo, zazzaɓi kuma ya kwantar da Soja. 'Yarsa Kellu ta baro gidan mijinta a Gwiwa ta zo jinya.

Da hantsi Daudu ya yi sallama. Ya tarar da tsohon a zaune, ya jingina kunne da bango, a cinyarsa akwai wani kwano mai kusurwa huɗu, duk ya lotse, da cokali a ciki.

"Bawana, ka tashi lafiya? Ashe da tsufanka ka koma kiɗan ƙwarya?"

Da can Zarami zai ce wa ya ga Bafillace da bawa, shi da ko wando sai da Barebari suka koya masa sawa. Yau sai ya ɗaga yatsa. "Yi a hankali, Daudu. Saura mutum ɗaya."

Kellu ta yafito shi zuwa gindin turmi, ta durƙusa ta gaishe shi. Idonta ya yi ja.

"Baba Daudu, kwana uku ke nan bai runtsa ba. Ko kunu ba ya karɓa. Ya ce ba a barci sai lissafi ya cika."

"Lissafin me, 'yar nan?"

Sai ta shiga jero wasu sunaye, da sauri, da karin waƙa, kamar yadda yara ke jero kakanninsu: "Saje Aldan, Kofur Firis, Jan-Gemu, Mai-Tabarau, Lanki, Dobi, Wilis, Baba, Tomi." Ta share ido da bakin zane. "Da su aka yi mana reno. Kafin in san sunan kakana na san Jan-Gemu. Shi Baba bai taɓa ba mu labarin da bakinsa ba. Inna ce take ba mu, in ya tafi gadi."

Ga yadda Amna ta ba 'ya'yanta labarin. A bakin wani kogi a Bama, sojan Japan suka ritsa su, suka kama Turawan Ingila takwas da baƙar fata ɗaya. Aka kulle su a bukkar gora ɗaya. Turawan nan da a bariki ba ka isa ka sha ruwa a kofinsu ba, ga su nan tsirara sai ɗan bante, suna tsince tsutsa daga cikin shinkafa, suna haƙa rami da rana kamar kowa. In duhu ya yi an hana magana, wanda aka ji bakinsa gindin bindiga ne rabonsa. To, a cikin duhun nan mutum ba ya sanin ko na kusa da shi barci yake ko ya tafi. Sai Saje Aldan ya kawo dabara. Kowa da lambarsa bisa ga inda yake kwana. Na farko ya buga kwanonsa sau ɗaya, na biyu sau biyu, har zuwa na tara. Masu gadi suka ɗauka ɓeraye ne. Ba mai rufe ido sai an ji tara.

"In wani ya mutu fa?" in ji Daudu.

"Sai maƙwabcinsa na kwana ya ɗauki bugunsa, ya buga na mamaci sannan ya buga nasa. Saje ne ya fara tafiya, Kofur ya ɗauka. Haka aka yi ta miƙowa, wani zazzaɓi, wani gudawa, wani duka, har kaya suka iso kan Baba. Shi kaɗai yake buga na mutum takwas, Tomi ya amsa masa da tara daga gindin bango. Yaro ne fa, Inna ta ce gemu ma bai fito masa sosai ba. Rannan da safe aka kora masu iya tafiya, aka bar waɗanda ba sa iyawa. Ƙafar Tomi ta ruɓe. Baba ya goya shi, aka sa masa bakin bindiga a ƙeya ya sauke. Daga baya aka ceto su Baba a hanya. Ya tambayi kowane hafsa labarin Tomi, aka rubuta a takarda, shi ke nan."

"To ya buga masa mana, ya huta."

Kellu ta girgiza kai. "Ba a buga wa mai rai. Wanda ya buga wa mai rai ya kashe shi ke nan. Baba bai ga gawarsa ba."

Daudu ya zauna a kan turmi ba tare da ya sani ba. Shekara talatin, in ji Kellu, bayan kowace isha'i ubanta yakan buga da ɗan yatsa a ƙirjinsa, ba mai ji sai matarsa, ya ɗan jira, sannan ya kwanta. Yanzu da duhu ya zauna masa dare da rana, ruwa kuma yana zuba irin na can, sai ya ce a ciro masa kwanon daga ƙasan akwati. Jiran nan kuma ya ƙi ƙarewa.

"Baba Daudu," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "gadonsa a jikin bangonku yake. Daga nan yake sauraro."

Ya gane abin da take roƙo. Ya miƙe, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita.

Ranar nan fitila uku aka kawo masa, ya liƙe biyu a karkace. Yana ta juya maganar. Mutum a bakin kabari, ka yi masa ƙarya? In ya tashi gobe kiyama ya tambaye ka fa? Kuma a madadin wa, wani Bature da ba ka san ko yana can yana shan shayinsa ba, ko kuwa ƙasa ta daɗe da cinye shi? Da dare ya yi aka buga takwas, Daudu ya ja bargo ya rufe kai. Washegari ma haka, sai dai bugun ya yi rauni, tsakanin na Lanki da na Dobi sai da aka huta. Abin da ya fi tsorata shi, ya tsinci kansa yana kiran sunayen a zuci.

A dare na uku Dela ta aje tuwo a gabansa, ta aje wani tsohon murfin tukunyar dalma da ludayin ƙarfe a gefe.

"Wannan fa?"

"Miya ce," ta ce. "Malam, shekara nawa mutumin nan yana ɗauke da Turawa bakwai a ƙirji, kai bugu tara ya gagare ka? In zunubi ne a rubuta mini rabi."

"Ke dai ba ki da tsoron Allah."

"Ina da shi. Tsoron haƙƙin maƙwabci ma ina da shi."

Suka idar da isha'i. Ruwa ya ɗauke, indararo yana ɗiga. Ƙwas, in ji Saje Aldan. Daudu ya jawo murfin, ya matsa jikin bango, ya durƙusa kamar mai neman gafara. Kofur Firis. Jan-Gemu. Ya ji ɗakin ya cika da mutane, dogaye, ramammu, a kwance a jere, kowa yana jiran layinsa. Wilis ya wuce da kyar. Aka buga takwas, ta ƙarshen kamar faɗuwar tsinke.

Daudu ya yi bismilla a zuci ya ɗaga ludayi. Ya buga, ya buga, ya buga, ya aje ludayin, ya sauke numfashi. Bayan bango ba motsi.

Dela ta zungure shi da gwiwar hannu, ta raɗa masa, "Takwas ka yi! Saura ɗaya!"

Ya lalubi ludayin a duhu, ya kuɓuce, ya sake damƙo shi. Ƙwas.

Can sai suka ji wata ƙara da suka ɗauka tari ne. Ashe dariya ce. Soja Zarami ne yake dariya, ƙasa-ƙasa, har tana sarƙe shi.

Bayan sallar asuba da kaɗan kukan Kellu ya tashi. Kafin azahar an kai shi, an sa shi kusa da Amna a gindin dutse, ƙasa jiƙaƙƙiya tana manne wa mutane a ƙafa.

Sai ranar sadakar uku, da yamma, bayan mutane sun watse, Kellu ta shigo gidan Daudu da kwanon a naɗe cikin tsumma. Ta zauna a bakin tabarma.

"Baba Daudu, wa ya gaya maka yana riƙe ta ƙarshe?"

"Wa?"

"Tomi. Inna ta ce kullum haka yake musu. Sai ya buga takwas ya yi shiru, har kowa ya ce ya tafi, sannan ya saki ta tara. Har Saje ya taɓa jifansa da takalmi. Ni ban gaya maka wannan ba."

Daudu ya dubi Dela, Dela ta dubi ƙasa. "Ɓatan lissafi na yi," ya ce. "Wallahi ɓatan lissafi ne."

Kellu ta ce, "Da ya ji, sai ya ce, 'Ja'irin yaro, har yanzu bai daina ba.' Ya ce in kawo kunu, ya sha ludayi biyar. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, na ce, 'Baba, ka san wanda ya buga?' Ya ce, 'Kellu, in yana raye, ya amsa. In ya mutu, ya samu maƙwabci.' Ya yi kalmar shahada, ya juya ya fuskanci bangonku. Ban taɓa ganin ya yi barci irin wannan ba."

Ta kwance tsumman ta aje kwanon a tsakiyar tabarma, ta ce gindinsa ya huje, ko za a iya liƙe mata kafin ta koma Gwiwa. Daudu ya ɗauka ya juya shi a hasken fitila. Bai kai nauyin ƙwai biyu ba. A gefensa an karce layi tara da ƙusa, bakwai an gicciye su, biyu suna tsaye. Ya nemi hujin ko'ina bai gani ba. Ya mayar da shi inda ta aje, cokalin yana ciki.

Ladan ya kira isha'i, suka yi salla, suka dawo suka zauna su uku. Kwaɗi suka fara. Daga bayan bango babu komai, ko tari. Ba wanda ya ce zai je ya kwanta.

Dela ta gyara lagwanin fitila, ta dubi kwanon, ta dubi hannun mijinta da ke kan gwiwarsa.

"Malam," ta ce, "yau kwana uku ba a ƙidaya su ba. Wa zai buga musu?"