Barandar Madam Evdokiya

Duk Iskandariyya an san dabarar. Doka ta hana rushe tsohon gida mai ado, don haka mai gida sai ya fara fashe adon, ya koma wa hukuma ya ce ai gidan ba shi da wani abin kallo. Daga nan sai katafila.

Gidanmu wani Baitaliye ne ya gina shi, hawa uku, yana fuskantar teku, kowane hawa da barandarsa da kawunan zakuna na dutse suka tallafe ta. Ni Tahani, mai ɗinki, ina hawan tsakiya. Ƙasa da ni Baba Bishoy ne, Kirista mai gyaran agogo. Can sama kuma Madam Evdokiya, tsohuwa 'yar Girkawan garin nan, wadda rabonta da sauka tun da lif ya mutu.

Da mai gidan ya rasu, ɗansa Midhat ya gaje shi, yaro mai gashi kamar an lashe. Ranar wata Asabar da hantsi sai ga shi da leburori da guduma da tsani.

"Gyara za mu yi, Sitt Tahani," in ji shi.

"Gyara da guduma? Uwarka ma haka take gyara tukunya?"

Na haura sama ina haki, na gaya wa Madam. Ta gama kurɓar gahawarta tukuna, sannan ta ce, "'Yata, ba mai dukan baranda da mutum a kai. Ja kujerarki ki zauna."

Haka muka yi. Kowa ya kafa kujera a barandarsa, ni har keken ɗinkina na fitar. Midhat ya yanke mana ruwa, ya ajiye ƙato a ƙofa, wai duk wanda ya fita ya fita ke nan. Ya manta a garin nan ba a sauka don cefane. Muka zura kwandunanmu da igiya kamar kullum, mai gurasa ya sa gurasa, mai wake ya sa wake, matar mai kifi ta riƙa aiko da jarkokin ruwa tana zagin ƙaton tun daga kakanninsa.

Sai ciwon ƙirjin Baba Bishoy ya tashi. Da za a ɗauke shi zuwa asibiti ya riƙe ƙarfen barandar yana cewa a bar shi, sai da 'yarsa ta ɓamɓare yatsunsa. Motar asibitin ba ta sha kwana ba leburorin suka jingina tsani. Ina ji a tafin ƙafata suna dukan zakunansa, kai ɗaya ya faɗo ya tsage biyu a kan titi. Na yi kuka, kukan baƙin ciki, na kuma tsani Midhat har cikin raina.

Shugaban leburorin, Usta Ragab, ya ɗago kai yana kaɗe ƙura daga gashin baki. Ba mugu ba ne, abincinsa yake nema.

"Haba Sitt Tahani, ki ji tausayin kanki. Ɗaya ta tafi, saura biyu."

"Biyun ma sun isa alƙali ya gani," na ce, domin lauyan unguwa ya riga ya shigar da ƙara, zama kawai ake jira.

Sai ya juya ga ta sama, ya kara hannu a baki. "Ke kuma Madam, ga sanyin teku, ga tsufa. Har yaushe za ki iya zama a nan?"

Madam Evdokiya ta leƙo, ta gyara mayafin kafaɗarta.

"Ɗana, tun ba a yaye uwarka ba nake zaune a wurin nan, ba wanda ya sa ni. Yanzu da na samu dalili ne zan tashi?"