Me Baba Yake Ci?

Duk layin ofisoshin nan babu wanda bai san shagon abincin Mai Ludayi ba. Tukwane huɗu, tebura shida, da baki guda wanda ya fi tukwanen zafi. Ita da faranti take auna mutum. In ya dawo fes, to an ci an ji daɗi. In kuwa ya dawo da saura, sai ta bi mai shi har bakin ƙofa tana tambayarsa laifin da miyarta ta yi masa.

Da wannan bakin ne ta kwaso mahaifinsu daga gidan Yayanta bara. A gaban dangi fa, ba a ɓoye ba. "Ku dube shi don Allah, kamar an shanya shi a igiya! Yaya, matarka ba ta san girkin tsoho ba. Ku ba ni ubana, nan da wata uku za ku ga wuya ya yi kauri." Yaya ya miƙe. Ya ɗauko jakar Baba ya sa a mota, matarsa kuwa ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Maganar gaskiya, Mai Ludayi ba ta yi wasa ba. Kullum da rana sai ta cika kular abinci da shinkafa da miya, ta zaɓo soyayyen nama, manyan yanka waɗanda ko manajan banki ba ta ba shi irinsu, ta aika mai babur gida. In ta dawo da yamma a gajiye, za ta tarar da kular a wanke, an kife ta a kan tebur. Daga tsaye take leƙa ɗakinsa.

"Baba, an ci?"

"An ci, Uwata. Allah ya yi albarka," in ji shi, hannu a kan baki.

Shi ke nan sai ta wuce ta yi wanka. Me kuma za ta tambaya? Ai kula ta riga ta ba ta amsa.

Bayan wata biyar fatar tsoho ta fara sauyawa. Bayan hannuwansa ya yi baƙi ƙirin, ya yi kaushi, yana saɓa. Sannan abin ya zagaye wuyansa kamar an ɗaura masa baƙin ƙyalle. Ta ce sabulu ne, ta canja sabulu. Ta ce rana ce, ta hana shi zaman ƙofar gida, bai hanu ba. Ta sayo man shafawa kala uku, har da wani mai ƙamshi da mai kanti ya rantse mata yana goge tabon shekara goma. Wuya dai sai ƙara duhu yake, yana tsattsagewa. Ga yawan zagayawa banɗaki, ga mantuwa.

Ana cikin haka Yaya ya bugo waya ya ce ranar Asabar za su zo duba Baba, shi da matarsa. Mai Ludayi ta tuna maganarta. Ta yi alkawarin wuya mai kauri, ga irin wuyan da za ta nuna musu! Washegari ta rufe shago, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai shi wajen likitar fata.

Likitar 'yar siririya ce, mai magana a hankali. Ta juya hannun Baba, ta ɗaga haɓarsa ta daɗe tana kallon wuyan. Mai Ludayi ta zazzage mata robobin mai a kan tebur, ko kallonsu ba ta yi ba.

"Me Baba yake ci?"

Kai! An zo gidanta. Mai Ludayi ta gyara zama. "Likita, ni fa abinci nake sayarwa. Nama kullum, wallahi ko fashin rana ɗaya babu. In ana maganar ci, ki bar wannan, ki nemi wata cutar."

"To madalla. Baba, ɗan buɗe mini bakinka."

Baba ya sunkuyar da kai. Sai da likitar ta maimaita sannan ya sauke hannunsa a hankali, ya buɗe. Harshen ja wur, gefen leɓe duk a tsage. Haƙora biyu ne kacal a gaba, su ma suna girgiɗi. Na tauna babu ko ɗaya.

Likitar ta waiwayo, ba da faɗa ba. "Baiwar Allah, da me yake tauna naman?"

Mai Ludayi ta juya ta dubi Baba.

Baba ne ya yi bayani, yana kallon takalminsa. Haƙoran roba da yake sawa sun karye tun makon farko da ya zo, ya ji nauyin faɗa. Naman ya gagare shi, barkonon miyar yana ƙona masa dasashi, ita ma shinkafar warwara ce, ba ta haɗiyuwa. Sai ya riƙa miƙa wa mai gyaran takalmi na ƙofar gida kular, ya cinye, shi kuma ya wanke ya kife. Abincinsa garin masara ne, ya dama da ruwan zafi ya zuba sukari. Safe, rana, yamma.

"Wata bakwai, Baba?" in ji Mai Ludayi. "Me ya hana ka gaya mini?"

"Kin faɗi magana a gaban mutane, Uwata. Ban so in ƙaryata ki ba."

Likitar ta ce ba ƙazanta ba ce, ba kuma sabulu ba. Jiki ne ya rasa wani sinadari da masara zalla ba ta wadatar da shi, shi ya sa duk inda rana ke duka fatar ta ƙone. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce zai warke, ta tura su wajen likitan haƙori. Sannan ta fara lissafi da yatsu: wake, gyaɗa, kifi, hanta, ƙwai, madara, a dafa su lugub a murje. Wai yau Mai Ludayi ake koya wa dafa wake! Ta zauna tana cewa "to, to" kamar 'yar aji ɗaya, kunya kamar ta nutse a cikin kujerar. Ba ta iya haɗa ido da likitar ba har suka fita.

A ƙofar gida mai gyaran takalmi ya gaishe ta da fara'a, kumatunsa sai sheƙi suke. Ta so ta zazzaga masa masifa, amma ta rasa ta inda za ta fara, don shi aƙalla yana zama da tsohon su yi hira. Ta amsa gaisuwar ciki-ciki ta shige.

Ta dafa wake da kifi, ta tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta murje da bayan cokali. Ta kai masa, ta zauna a bakin gado. Bai yarda ya ci tana kallo ba, sai da ya juya ya fuskanci bango. Daga nan take jin ƙarar cokali, sauri-sauri, irin cin wanda ya daɗe da yunwa. Ta danne bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta.

Kwana uku ba sa gyara wuya. Ranar Asabar Yaya da matarsa suka iso da tsakar rana, ana zafi kamar me. Mai Ludayi ta kai su ɗakin, ta tsaya turus. Baba na zaune ya naɗe wuyansa da tawul, ya ja hannun riga har kan yatsu, gumi na tsiyaya ta goshinsa.

"Baba, lafiya? Tawul a wannan zafin?" in ji Yaya.

"Mura ce 'yar kaɗan. Ƙanwarka tana kula da ni sosai, nama har sai na ture." Ya saci kallonta, alamar ta yi shiru.

Ga hanya an buɗe mata, yin shiru kawai ya rage. Ta dubi gumin da ke ɗiga daga haɓarsa. Ta taka ta je ta durƙusa a gabansa, ta kama bakin tawul ɗin. Baba ya riƙe gam.

"Uwata, bari mana."

"Saki, Baba."

Ta warware shi a hankali. Matar Yaya ta dafe ƙirji ta yi salati. Mai Ludayi ba ta tashi daga durƙuson ba, ba ta kuma ɗago kai ba.

"Yaya, duba da kyau. Ba mura ba ce, yunwa ce. A gidana ya yi ta, wata bakwai, ni kuwa ban sani ba."