Taryen Madu daga Tanganyika

"Ku ɗaga wajen kai! Kada ku zubar min da shi a kwata!"

Na'Allah tela ne ke ta ihu, gumi sharkaf, su huɗu ɗauke da gadon maƙwabcinsa Baba Kaumi, tsohon na kwance a kai. Kwana goma ko kunu ba ya wuce masa maƙogwaro. Amma da waya ta iso cewa ɗansa Madu na cikin lorin Kano na yau, sai ya kafe: a kai shi bakin titi, ko ya tafi da rarrafe. Tsohon sojan yaƙin Bama, wa ya isa ya musa masa?

Wata shida Madu ya yi a Tanganyika. Sojojin can ne suka yi bore, gwamnatinsu ta roƙi tamu aron bataliya guda, ta riƙe musu ƙasa kafin su kafa sabuwar runduna. Duk Kazaure an haddace labarin, don Baba Kaumi ba ya gajiya da shi.

Suna ɓullowa ta rumfar mahauta, mutane suka hango gado a kafaɗu da mutum lulluɓe. Nan take aka watsar da ciniki, aka bi bayansu ana salati. Wani har ya taɓa Na'Allah. "Kawo in karɓe ka, mu ma mu sami lada."

Tsoho ya yaye mayafi. "Ina nan da raina, jama'a! Tarye za ni!"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki, kuma ba wanda ya koma. Da rakiyar jama'a aka sauke shi gindin durumin tasha.

"Na'Allah," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "mu Bature ya kwashe mu, ba shawara. Shi kuwa Madu, ƙasa ce ta roƙi ƙasa. Yanzu in Nijeriya ta yi gyaran murya, sai an waiwayo."

"Haka ne, Baba." Amma tsoro ya cika Na'Allah, don numfashin tsohon sai raguwa yake, titi kuwa wayam.

Bayan la'asar lorin ya kunno kai, tasha ta kaure da sowa. Madu ya diro cikin kakinsa, ya ratso jama'a, ya ƙame gaban gadon, ya sara masa.

Tsoho ya gane shi, fuskarsa ta washe. Hannunsa ya taso a hankali, ya kai ƙirji, ya kwanta a nan. Na'Allah ya sunkuyar da kai yana salati.

Madu na nan ƙame, hannu a goshi, yana jiran a amsa masa.