Bindigar da Orval Ya Saya a Gidan Ƙanwarsa

Orval Tvedt ya sayi bindigar farautar barewa a hannun Merle, mijin ƙanwarsa, wanda bai yi wata guda da samun lasisin sayar da makamai ba. A teburin cin abinci Merle ya cike takardun, rabin hankalinsa yana kan ƙwallon da ake nunawa a talabijin.

Bayan mako uku 'yan sanda suka zo ƙofar Orval. Lambar bindigar da ke ƙarƙashin sunansa a takardun ta wata bindiga ce da aka tsinta a wurin fashi. Suka tafi da bindigarsa don bincike. Kafin a gano Merle ne ya cakuɗa takardun mutum biyu, lokacin farauta ya wuce.

"Haba Orval, ai koyo nake," in ji Merle.

"Madalla. Naman da nake kawo muku duk shekara, bana babu. Sai ku dafa lasisin."